Jika 180 na biya wa horon kwana biyu, rana ɗaya ce ta ci kuɗinta

Ba da son raina na sayi wannan horo ba, gara in faɗa tun farko. Abincin taro nake dafawa a nan Yamai, shekara tara ke nan, madafata tana Yantala. Rabin cinikina daga ƙungiyoyin agaji yake fitowa: su shirya taron bita a Plateau, mu kai shayi da kofi da soye-soye ƙarfe goma, mu koma da abincin rana ƙarfe ɗaya. Da lokacin sabunta kwangila ya yi da ɗaya daga cikinsu, sai na tarar an ƙaro sharaɗi a shafin ƙarshe. Kowane ma'aikacina sai ya sa hannu a takardar ɗa'a, ni kuma sai na kawo shaidar an yi musu horo kan abin da Faransanci ke kira harcèlement, wato takura wa mutum a wurin aiki don neman biyan buƙatar sha'awa. Mai kula da kuɗinsu ya ce kar in ɗauka da zafi, har mai kawo musu ruwan sha an nemi ya kawo tasa. Tun da abin kunyar wasu ma'aikatan ƙungiyar agaji ta Oxfam a Haiti ya fashe a 2018, masu ba ƙungiyoyin nan kuɗi suka shaƙe musu wuya, su kuma suka juyo kanmu.

Takardar kawai nake nema. Sai dai a daidai lokacin akwai wuta tana ci a gidana ƙarƙashin toka, kuma sai na ba ku labarinta kafin ku gane abin da nake yabawa da abin da nake kushewa.

Ma'aikatana goma sha uku ne: mata huɗu a bakin tukunya, biyar masu raba abinci (ƴan mata uku, samari biyu), sai shofer, da mai wanke-wanke, da Baba gardi, da shugaban sarbis. Shi shugaban sarbis ɗin yaro ne mai hankali, ya yi karatun aikin otal, ba ya wasa da salla, ban taɓa kama shi da ko dala ɗaya tawa ba. Shi ne ke riƙe da littafin rabon aiki, wato shi ke cewa wance ki je nan, wane ka je can. Bayan ƙaramar salla na ɗauki sabuwar yarinya mai raba abinci. Ba sai na siffanta ta ba. In ta shigo da faranti, masu taro sukan manta inda suka tsaya a magana.

Bai taɓa riƙe mata hannu ba, bai taɓa faɗa mata kalmar banza ba, ita da bakinta ta shaida mini. Abin da ya faru ya fi haka wuyar kamawa. Aikinmu iri biyu ne. Akwai ɗakin taro mai kilima, inda ake gamawa ƙarfe uku, manya su bar ɗan ihsani a ƙarƙashin faranti. Akwai kuma biki ko suna a Talladje ko Bukoki, ƙarƙashin tanti, cikin ranar Afrilu, ka yini kana jidar kula, ka dawo bayan isha ƙafa ta kumbura. A hankali sai na farkon ya zama nata, na biyun ya zama na sauran. Ana cikin haka shofer shi ma ya fara ajiye mata kujerar gaba, yana ratsewa ya sauke ta ƙofar gida kafin kowa. Maza biyun suka daina gaisawa. Wata Talata abincin mutum sittin ya isa a makare da minti arba'in, don an canza ɗakin taro, shugaban sarbis ya sani, ya ƙi kiran shofer, shofer kuma ya ƙi tambaya. Sauran ƴan matan suka raɗa mata Madam Kilima, suka daina cin abinci kwano ɗaya da ita. Ita da ba ta roƙi kowa komai ba, ita ce na tarar tana kuka a bayan firji.

To, ga halin da masu horon suka same mu a ciki, ban kuma gaya musu ko ɗaya ba.

Wata ƙawata mai gidan ɗinki ce ta haɗa ni da su. Ƙaramin ofishin ba da shawara ne, mutum biyu suka zo: namiji da ya karanta shari'a, da mace da ta daɗe tana kula da ma'aikata kafin ta koma wannan sana'a. Jika 250 suka nema. Na ce ni zan ba da wuri da abinci, muka daidaita a kan jika 180, wato sefa 180,000, rabi kafin a fara, rabi bayan an gama. Asabar da Lahadi muka yi, a rumfar tsakar gida, muka rataya farin zanen tebur ya zama allo. Sun zo kan lokaci duka kwana biyun, wannan kam na ba su.

Ranar farko ta namijin ce, kuma da a ce ita kaɗai ce da na ce muku kar ku kashe ko tamma. Hotuna sama da sittin ya zo da su a kwamfuta, duk da Faransanci. Cikin mutanena biyar ne ke karanta Faransanci sosai. Yakan fassara wani abu da Zabarmanci, Hausarsa kuwa ta cefane ce, ba ta ɗaukar magana mai nauyi. Hotunan ma duk na Turawa ne cikin kwat, wani ya ɗora hannu a kafaɗar wata kusa da injin hoton takardu. Mai wanke-wanke ya yi barci kafin ƙarfe goma sha ɗaya, ban ga laifinsa ba.

Inda ya yi amfani shi ne wajen doka, can ne gonarsa. Ya karanta mana sashe na 45 na dokar aiki ta Nijar, wadda aka sa wa hannu ran 25 ga Satumba 2012, inda aka haramta wa mai iko a wurin aiki ya yi amfani da ikonsa don neman biyan buƙatar sha'awa. Ya kawo sashe na 281-1 da aka shigar cikin dokar hukunta laifuka a gyaran 2003: wanda ya takura wa wani da umarni ko barazana ko tilas don wannan buƙata, ɗaurin wata uku zuwa shida da tarar sefa 10,000 zuwa 100,000, in kuwa da muƙaminsa ya fake, ɗaurin kan kai kusan shekara, tarar ta koma 20,000 zuwa 200,000. Inna, babbar mai dafa mana abinci, wadda ta girme ni nesa, ta ce, "Jika goma? Malam, ai ko kajin miyar rana ɗaya ba su saya mana." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya kuma gaya mana abin da ban sani ba, cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a Geneva cikin Yunin 2019, kuma a cikinta wurin aiki bai tsaya ga bango huɗu ba: hanyar zuwa da dawowa tana ciki, wurin cin abinci da wurin canza tufa suna ciki, har saƙon waya in ya shafi aiki. Na ga shofer ya gyara zama.

Amma ku dubi kalmomin dokar: umarni, barazana, tilas. Ba ko ɗaya a madafata. Da aka tashi da la'asar kowa ya tafi da farin ciki cewa mu ba mu da matsala, wannan ciwon manyan ofisoshi ne. Shugaban sarbis har ya je ya yi wa malamin godiya, ya ce ya ƙaru. Na kwana ina lissafin yadda zan hana su ragowar kuɗin.

Ranar Lahadi macen ta karɓa. Ba ta yi minti goma ba wuta ta ɗauke, kamar yadda ta saba yi mana a wannan lokaci na shekara. Maimakon ta jira, sai ta rufe kwamfutar, ta jawo benci ta zauna cikinmu, ta koma Hausa, irin ta mutanen Maraɗi, tana juyawa zuwa Zabarmanci don mutum uku. Tambayarta ta farko ba ta da alaƙa da sha'awa ko kaɗan. Ta ce, "A nan gidan, wane aiki ne kowa ke so, wane ne kowa ke gudu?" Nan take baki ya buɗe. Sai ta ce, "To wa ke rabawa?" Aka nuna shugaban sarbis. Ta ce ko za a ara mata littafin.

Abin da ta yi da littafin nan shi ne kuɗina. Ta sa aka kawo marfin kwalba biyar da ƙoƙon wake. Ta ce kowane marfi mutum ne cikin masu raba abinci, ba za ta faɗi suna ba. Ta buɗe wata uku na baya, duk inda aka tura mutum ɗakin kilima sai ta ajiye ƙwayar wake ɗaya kusa da marfinsa. Ba ta sauri. Kana jin ƙarar waken yana sauka a kan tiren ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, ba mai tari. Aiki 38 muka yi a irin waɗannan ɗakuna, mutum bibbiyu ake turawa. Marfi ɗaya ya tashi da ƙwaya 31. Na ƙarshe ya tashi da 6. Ta ture tiren tsakiya ta naɗe hannu.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shugaban sarbis ya ce ai yana duba wanda ya fi iya aiki ne, wanda ya fi tsabta da ladabi. Na ɗauka za ta ƙaryata shi. Sai ta ce ta yarda har zuciyarsa haka yake gani, kuma nan ne haɗarin yake. Ta ba mu labarin wani masani ɗan Amurka, Edward Thorndike, wanda a 1920 ya duba yadda hafsoshin soja ke auna sojojinsu a kan siffar jiki da basira da iya shugabanci da hali. Ya tarar in hafsa ya ga mutum ya yi masa a abu ɗaya, sai ya ba shi maki mai yawa a sauran duka, kamar ba abubuwa daban-daban ake aunawa ba. Ta ce a 1994 wasu masana tattalin arziki biyu, Daniel Hamermesh da Jeff Biddle, sun bi bayanan ma'aikata a Amurka da Kanada, suka ga waɗanda ake ganin ba su da kyau albashinsu na ƙasa da na matsakaita da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. "Ido ya ga fuska," in ji ta, "sai ya je ya gaya wa zuciya wai ya ga iya aiki."

Ina zaune ina jin daɗi, ana gyara mini yaro ba tare da na ɓata bakina ba. Sai ta juyo. "Hajiya, shi yana raba aiki cikin biyar ɗin da aka ba shi. Wa ya zaɓi biyar ɗin?"

Laifi tudu ne. Cikin mata huɗun da ke bakin tukunya akwai wadda ta fi kowa Faransanci a gidan, ta yi makaranta har ta sami BEPC, takardar gama ƙaramar sakandare. Sau biyu tana roƙona in mai da ta rabon abinci, sau biyu ina ce mata hannunta na miya ne, ba zan iya rasa shi ba. Hannunta na miya ne, gaskiya. Amma ba shi ya sa na hana ta ba. Baƙa ce, mai jiki, da tabon ƙuna a wuya, ni kuma tun ranar da na fara wannan sana'a nake jera masu haske a gaba, sauran in tura su wurin hayaƙi. Ban taɓa faɗa da baki ba, ban ma taɓa faɗa wa kaina ba, sai dai in ce baƙi suna son "tsari". Biyu cikin ƴan matan gaba suna shafa man bilicin, har gaɓoɓin yatsunsu sun yi baƙi, na sha yi musu faɗa a kai. Ranar nan na gane wa ya koya musu cewa haske ake biya. Malamar ba ta faɗi wannan duka ba, ba ta ma san rabinsa ba. Tambaya ɗaya ta yi ta wuce, ta bar ni da ita. Na ji haushinta sosai a lokacin, a gaban ma'aikatana, a cikin gidana, da kuɗina.

Bayan azahar aka shiga inda kowa ke jira. Shofer ne ya fasa ƙwan. Ya ce, "Madam, duk wannan mun ji. To in mutum aure yake nufi fa? Shi ma laifi ne?" Kafin ta amsa namijin ya shigo da misalin shugaban kamfanin sayar da abinci na McDonald's, Steve Easterbrook, da aka kora a Nuwamban 2019 saboda soyayya da ma'aikaciya, alhali da yardarta, don dokar kamfanin ta hana shugaba neman na ƙasa da shi, daga baya da aka gano ya ɓoye wasu, sai da ya mayar da abin da ya kai dala miliyan 105. Ba McDonald's a Nijar, rabin mutanena ba su taɓa jin sunan ba, kuma da aka ce dala sai Inna ta fara lissafi da dalarmu ta tamma biyar. Misalin ya faɗi ƙasa warwas.

Baba gardi ne ya ɗaga shi. Tsohon almajiri ne, ba ya yawan magana. Ya ce, "Ɗiyata, bari in taya ki." Ya ce Nana Khadija ita ta ɗauki Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aikin fatauci, ta ga amanarsa, ta aika a nema mata aurensa, don haka ba wanda zai ce so a wurin aiki haramun ne. Ya kawo Annabi Musa a Madyana, a Suratul Ƙasas, inda ɗiyar dattijon ta ce wa babanta ya ɗauke shi aiki don mai ƙarfi ne amintacce, aikin kuma ya zo tare da aure, amma a hannun uba aka yi maganar, a fili. Sannan ya ce a duba Annabi Yusuf: uwar gidan da yake yi wa aiki ce ta kulle ƙofofi, da ya ƙi kuma shi aka kai kurkuku. "Mai mabuɗi shi ake tsoro," in ji Baba, "mace ne ko namiji." Na yaba wa malamar a nan. Ba ta yi kishin an karɓe mata aji ba, ta ce Baba ya gama mata darasin, ta ɗora a kai.

Ta ce ba mai hana zuciya. Mutanen da ke yanka albasa kafaɗa da kafaɗa awa goma a rana dole wani ya ga wani. Ta ce tun 1950 aka wallafa wani bincike da aka yi a gidajen ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka, inda aka ga yawancin abota tsakanin masu ƙofa kusa da kusa take ƙulluwa. Abin da za a iya tsarawa shi ne alƙalami. Wanda ke son wata, kada ya zama shi ke rubuta inda za ta yi aiki gobe, don in ya tambaye ta ba ta da bakin cewa a'a, in ta ce to ba wanda zai yarda don Allah ta ce, sauran abokan aiki kuma su ke biyan kuɗin zancen da ba nasu ba. Muka tsai da ƙa'ida uku da bakinmu. Mai niyya ya zo ya gaya mini, a cire hannunsa daga rabon aikinta. Tambaya sau ɗaya ce, in an ce a'a an gama. Zance kuma a gidan iyayenta ake yi, ban da cikin motar aiki.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan wurare ba ne.

Wasan waken nan da nake yabo, a kan yarinyar ya ƙare. An ce ba a faɗi suna ba, amma mutum goma sha uku ne, wa bai san marfin wa ke da 31 ba? Ta zauna kanta a ƙasa, tana murza bakin hijabinta, kamar ita ta rubuta littafin. Kwana biyun nan ko kalma ɗaya ba ta furta ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Ya kamata malamar ta duba littafin tun daren Asabar, ta ga abin da zai fito, ta ja ni gefe mu san yadda za a kare ta. Da na faɗa mata haka bayan an tashi, ta yi shiru, ta ce ina da gaskiya. Yardar tata ba ta mayar wa yarinyar da yinin nan ba.

Ba su kuma ware mata su kaɗai ba, ko na rabin awa. Duk wanda ya san mu ya san budurwa ba za ta buɗe baki kan irin wannan a gaban Baba da samari ba. Sai da daddare, muna wanke tukwane, ƴan matan suka gaya wa Inna abin da ya fi damunsu, kuma ba a cikin gida yake ba: masu halartar taro ne. Wani ya miƙo kofi ya haɗa da riƙe yatsa, wani ya bi yarinya har wurin wanke hannu yana neman lambar waya, wani ya ce zai sama mata aiki a ofishinsu. Mutanen da ƙungiyarsu ta tilasta mini yin horon, cikin baƙinsu ake samun wannan. Masu horon ba su tanadi komai a kai ba, alhali duk mai sana'ar abinci ko otal nan ne ƙafarsa ke ciwo. Ni na zauna na tsara abin da zan iya: ba mai zuwa ɗakin taro ita kaɗai, kuma in abu ya faru ni za a kira, ni zan yi magana da mai taron.

Sai akwatin ƙorafi. Sun kawo mini shi da ɗan kwaɗonsa, an yi masa fenti mai kyau. Mutum shida a gidan ba sa rubutu da boko. Mabuɗin kuma a hannuna yake, ni ce aka rubuta a matsayin wadda ake kai wa kuka. Na tambaye su, in kukan a kaina ne fa, ko a kan ƙanena da ke zuwa yi mini lissafi ƙarshen wata? Namijin ya ce sai a je wurin sufetan aiki. Yarinyar da ke karɓar albashinta daga hannuna ba za ta hau taksi ta je ta kai ƙarata ba, shi ma ya sani. Mu muka gyara da kanmu, muka ce Inna ce kunne na biyu, don ita ba ta tsorona.

Takardar ɗa'ar da aka sa wa hannu shafi huɗu ce, Faransanci zalla. Na roƙi a ba ni ita da Hausa ko a naɗa mana ita a murya mu tura ta WhatsApp, suka ce wannan wani kuɗin ne daban. Takardun shaida, waɗanda don su na shiga wannan duka, sai bayan mako uku suka iso, sunaye biyu a karkace, dole aka sake. Kuskurena ne da na biya ragowar kuɗin tun ranar Lahadi. Sun yi alkawarin za su kira bayan wata ɗaya su ji yadda muke. Ni na kira, sau biyu, na biyun ne aka ɗauka.

Wata huɗu ke nan yanzu. Littafin rabon aiki ya bar aljihun kowa, ya koma allo a jikin bango kusa da randa, bi da bi ake yi, kowa na gani. Ihsanin da baƙi ke bari a gwangwani ɗaya ake zubawa, a raba ran Asabar har da na bakin tukunya, abin da ya jawo mini gunaguni na mako biyu daga ƴan gaba. Kujerar gaba a mota ta Inna ce, ba mai gardama da gwiwarta. Shugaban sarbis ya same ni bayan kwana uku ya ce, "Hajiya, wallahi ban san na yi haka ba." Na yarda da rabi. Ya bi ƙa'ida, ya faɗi niyyarsa, ya tura kawunnansa gidansu. Aka ce musu an riga an yi mata miji, wani ɗan uwansu a Dosso. Ya yi mako biyu fuska a murtuke, bai dai taɓa allon ba. Shi da shofer sun koma shan shayi tare, tun da abin da suke faɗa a kai ya fita hannun su duka biyun.

Mai BEPC ɗin tana fita sarbis Talata da Alhamis. Wata Baturiya ta tsai da ita minti goma tana tambayar yadda ake dambun zogale, ta amsa mata tiryan-tiryan, har matar ta nemi a riƙa turo ta. Amma wani babban ma'aikaci da na daɗe ina yi wa aiki ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, ina ƴan matan nan naki na da?" Na yi dariya na ce suna wani aikin. Kwangilarsa tana da tsoka, bakina bai iya faɗin abin da ya kamata ba, har yau kuma abin na cina.

In za ku ɗauke su, ga shawarata. Ku nemi macen da sunanta a cikin yarjejeniya, kar ku yarda a ce "za a turo wani". Ku ce rana ɗaya da rabi ta isa, doka a yi ta cikin awa ɗaya. Ku sa sharaɗin harshe a rubuce, Hausa ko Zabarmanci, har da takardar ɗa'a. Ku nemi zaman mata daban. Ku ba ta littafin rabon aikinku tun kafin ranar, ku shirya jin abin da ba ku so, don ba a kan yaranku kaɗai zai tsaya ba. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kuma ku riƙe shi sai takardun shaida sun shigo hannunku, kun duba sunaye. Mai shago ko madafa da ke da ma'aikata ƙasa da goma, ku haɗu ku biyu ko uku ku raba kuɗin, sai dai wasan waken kowa ya yi nasa a gida.

Jiya na buɗe akwatin ƙorafin karo na farko. Takarda ɗaya ce a ciki, an rubuta da ajami, sai da na kai wa Baba ya karanta mini. Fankar madafa ce ake so a gyara. Yarinyar kuwa sun daina kiranta Madam Kilima, a gabana dai. Wani lokaci takan ci abinci tare da su, wani lokaci in same ta ita kaɗai a bakin ƙofa da kwanonta a cinya.